Mero, Sauke Tukunyar

Ni Ƙasimu, kiɗan mahauta na gada. A kasuwar ƙauyenmu da ke ƙasar Gwaram, da zarar Sanda Sarkin Fawa ya ce a ka da sa, sai in ɗaga kalangu. Mutanen Maruta da Kwandiko suna kan hanya za su jiyo, su san yau akwai nama, su ƙara sauri. Ladana tsoka ce da ɗan kayan ciki, kuma tun hantsi matata Mero take ɗora tukunya tana jira.

Shekarar da naira ta shigo aka naɗa Maikuɗi sarkin kasuwa. Mutumin da ko akurkin kaji ba zan ba shi riƙo ba! Rijiyar kasuwa ta rufta, ya ce sai bayan damina. Kwalbatin hanya ya karye, motocin Birnin Kudu suka daina shigowa, ya ce ai jakuna ba su ƙare a duniya ba. Inuwar tsamiya, inda matan Fulani ke zama da nono tun zamanin kakanni, ya kore su ya ba surukinsa ya kafa shago. Muka je muka yi magana, ya yi kunnen uwar shegu da mu. Abin da kawai bai taɓa mantawa ba shi ne tare mutane a bakin kasuwa don kuɗin rumfa, tun ba su sayar da komai ba.

Ranar da nake ba da labari, na fito gida na nufi kasuwa. Na tarar da Sanda zaune a kan kututturen sara, ya zuba wa hanya ido. Wani jan sa na ɗaure a turke yana tuƙa, wuƙa kuwa tana cikin kube. Rana ta ɗaga, amma rumfunan da ke da mutane ba su taka kara sun karya ba. Mai gishiri yana gyangyaɗi, awaki na yawo a rumfar masu tufafi.

"Sarkin Fawa, bari in taɓa kaɗan," na ce. "In suka ji, za su zo."

"In ba su zo ba fa?"

"Za su zo mana!"

"Haka ka ce wancan mako, Ƙasimu. Rabin sa ya kwana. Na yi kilishi da abin da ya yiwu, sauran ungulu suka ci." Ya dube ni. "Kiɗanka alkawari ne. In ka buga, dole in yanka."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta yi mini zafi. Ubana bai taɓa kiran mutane kan naman da babu ba, ni ma ba zan fara ba.

Can sai ga ƙura ta wajen Maruta. Na miƙe, na gyara kalangu a hammata. Sanda ma ya dafa kube. Ashe ayarin masu jakuna ne da buhunan gero. Suka iso mararraba, suka ɗaga mana hannu, suka miƙe hanyar Birnin Kudu. Cikinsu har da Manu, wanda aka yi mana kaciya tare.

Maikuɗi na tsaye a bakin kasuwa da sabuwar babbar riga, yana saƙace haƙori. Na so in je in zazzage masa abin da ke cikina, sai na ga ko na yi, rijiyar ba za ta tashi ba, masu jakunan ma ba za su juyo ba. Na koma na zauna.

Da aka kira azahar Sanda ya kwance san.

"Birnin Kudu zan kora shi, a can zan riƙa yanka. Ka zo mu tafi."

"Suna da makaɗansu, Sarkin Fawa."

Ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ce in yafe masa. Na ce ba abin da ya yi mini.

Na sa kalangu a jaka na nufi gida. Tun daga zaure na ji ƙamshin daddawa, ruwan miya na tafasa.

"Malam, yau ban ji kiɗa ba," in ji Mero, tana duban hannuna.

"Sauke tukunyar, Mero," na ce. "Mako mai zuwa ma kada ki ɗora."