Da Me Za a Buɗe?

Aikina rubuta manhaja, kuma a ɗakina nake yinsa. Ɗaki ɗaya ne a hawan sama, tagarsa na kallon bayan wani gini, inda babu abin gani sai bututun ruwa da shanyar mutanen da ban san fuskarsu ba. Abokan aikina ƙananan hotuna ne a gefen allo. Sai in wuni ban buɗe baki ba, in ban da hamma.

Baba kuwa yana garin da na baro, tafiyar yini guda, shi kaɗai tun rasuwar Mama. Ƙarar injinan masaƙa ta cinye masa kunne tun kafin ya bar aiki. Waya da shi azaba ce: ni ina ihu, shi yana "Iye? Me kika ce?", mu rabu kowa ransa a ɓace. Shi ya sa da na je hutu na ajiye masa tsohuwar kwamfutata a teburin falo, na haɗa mata lasifika mai ƙarfi, na rubuta masa 'yar manhaja mai maɓalli ɗaya tal, ƙato, shuɗi. Kowace safiya sai in naɗi muryata in tura. In ya danna, fayil ɗin ya buɗe, ya ji ni raɗau.

Ba manhajata ke buɗewa da kanta ba. Layi ɗaya ne na umarni, wanda ko ɗan koyo ya sani: ka miƙa wa na'ura fayil ko adireshin intanet, ka ce ta buɗe, ita kuma ta nemo manhajar da aka ware wa irinsa. Hoto ya tafi wurin mai nuna hoto, adireshi wurin burauza mai buɗe shafukan intanet, murya wurin mai kunna sauti. Umarnin nan ɗan aike ne da ke miƙa saƙo a bakin ƙofa ya juyo ya ce ya kai, ba ruwansa da wanda ya karɓa. Na san haka sarai. Duk da haka na ƙara wani layi, wanda da zarar ɗan aike ya ce ya kai, sai wani koren ɗigo ya bayyana a wayata.

Ɗigon nan ya zame mini abokin zama. Ba na iya kurɓar shayi sai na gan shi. Da farko gaisuwa kawai nake turawa, daga baya bakina ya buɗe. Na ba Baba labarin shugabanmu mai son gyara abin da bai lalace ba, da maƙwabcin da ke jan kujera a kaina kamar mai nika, da zazzaɓin da ya kwantar da ni babu mai miƙo mini ruwa. Wata safiya da damina, ruwa na zuba, kewar Mama ta taso mini. Na yi ta magana ina kuka har shayina ya huce, na rufe ido na tura. Can sai ga kore.

Na jira ya kira. Shiru kake ji. Da na gaji na kira shi da kaina, na ɗaga murya na ce, "Baba, kana buɗe saƙona kuwa?"

"Kullum, Uwata," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "Kullum ina buɗewa. Allah ya yi miki albarka."

Shi ke nan. Ba sannu da jiki, ba ki yi haƙuri. Abin ya ci mini rai ƙwarai. Na ce wato ni kaɗai nake kiɗana nake rawata. Ban daina turawa ba, amma na koma "Ina kwana, Baba, lafiya lau nake," in kashe. Mai fushi da wanda bai san ana fushi da shi ba, shi ke da aiki.

Haka muka tafi har hutu ya zagayo. Washegarin isata gida na fito falo na same shi ya zauna gaban kwamfutar, yana goge tabarau da bakin riga. Na tsaya a bayansa ina mamakin mutumin da ke sa tabarau don sauraro. Ya danna shuɗin maɓallin. Wayar da ke hannuna ta nuna kore. Lasifika ba ta ce uffan ba. A allon kuwa wani farin shafi ya buɗe, cike da tarkacen haruffa da ƙananan akwatuna da alamomi marasa kan gado. Fayil ɗin muryata ne, wanda na turo jiya kafin in hau mota, ya buɗe a manhajar rubutu.

"Baba, mene ne wannan?"

Ya juyo yana kallon bakina. "Ai ke za a tambaya. Ba rubutunku na aiki ba ne?"

"Tun yaushe yake yin haka?"

"An jima fa. Tun kafin damina. Kwamfutar ta riƙa nauyi, na kai wa mai gyara na bakin titi, ya ce ya share mata tarkace. Da na dawo na danna, sai ta fito da wata tambaya da jerin abubuwa. Na zaɓi na sama, na ce mata to."

Tambayar na san ta: da me za a buɗe? Mai gyara ya share mai kunna sautin, Baba ya zaɓi na sama, na'ura kuma ta riƙe zaɓinsa. Ɗan aikena bai taɓa yin ƙarya ba, kullum yana kaiwa. Na zauna a hannun kujera.

"Me ya hana ka gaya mini?"

"Na ɗauka kin gaji da maganar ne kin koma rubutu. Kuma yaya zan ce wa 'yata ban iya karanta rubutunta ba?" Ya ɗora yatsa kan maɓallin da ke jan shafi ƙasa. "Amma ina bi har ƙarshe. Da tsawonsa nake gane ki. Akwai wani da damina, na yi ta ja, na yi ta ja, ya ƙi ƙarewa. Na ce yau Uwata na da damuwa. Ranar ban iya cin abinci ba, addu'a na yi ta yi miki." Ya ɗaga yatsansa daga maɓallin. "Daga baya kuma suka gajarce. Na ce to alhamdulillahi, ta samu abokan hira."

Na jawo kwamfutar, na sauko da mai kunna sauti, na mayar masa da aikinsa. Gyaran da bai kai a kira shi gyara ba. Na kai hannu zan kunna na jiya, Baba ya riƙe mini hannu.

"A'a. Nemo mini mai tsawon nan tukuna."

Na nemo shi. Ya cire tabarau ya ajiye, ya jawo kujerarsa ya kara kunne da lasifikar. Ni kuma na zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, na danna.