Makarantar da Ta Ba Mu Ruwa

Rana ta take tsaka, Malami na tsaye a ƙofar kwalejin koyon aikin lafiya ta gwamnati da ke birni, gumi ya manne masa babbar rigarsa a baya. Ya rangaɗa sallama irin ta dattijan ƙauye. Maigadi ya amsa a ciki, ya nuna wani dogon gini da haɓa, ya koma kan wayarsa.

Daga garinsu Geza suka taso, shi da 'yarsa Safina, wadda ta gama sakandare ta kafe sai aikin ungozoma. Malami bai musa ba, don ya gaji da rakiyar gawar matan da ke mutuwa a kan gwiwa. Sharaɗinsa ɗaya ne: yadda ake binciken gidan da za a kai 'ya aure, haka zai binciki makaranta, da ƙafarsa da idonsa.

A ofis wata malama mai tabarau ta yi musu bayani a tsaye. Sai an ci jarrabawa, karatun na shekaru ne, kuma bana da wuya a samu gurbi. Safina ta saci jiki ta leƙa wani aji. Ɗalibai sun zagaye mutum-mutumin mace mai ciki, malaminsu yana yi wa wata tsawa don ta sa hannu ba daidai ba. Ya sa ta sake, ta sake, har ta yi hawaye. Safina ta ji tsoro, ta kuma ji duk duniya nan take son zama.

Malami kuwa abu biyu ya gani: ba a ce ya zauna ba, ba a ba shi ruwa ba.

"Mutanen da ba su san baƙo ba," in ji shi a tasha, "ina za su san marar lahiya?"

* * *

Makaranta ta biyu tana gab da iyakar Benin, gini mai sabon fenti shuɗi. Tun kafin su sauka daga babur mai makarantar, Badamasi, wanda ake kira Dakta, ya fito da sassarfa ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, da kanka? Ai da aike kay yi, ni in taho!"

Kafin ka ce kwabo an shimfiɗa darduma, ga ruwan sanyi, ga fura, ga shinkafa da zabo. Badamasi baki gare shi kamar mai tallan magani. Babu jarrabawa, babu jira. Takardar shaida daga tsallaken iyaka take zuwa, da hatimin zinariya. Farar riga kuwa tun ranar farko ake sawa.

Safina ta zaga ciki. Ajin ɗaya ne, babu taga, kuma a tsagar siminti ga ƙwayoyin shinkafa nan, alamar jiya-jiya sito ne na 'yan fasa-ƙwauri. Kayan aiki duk a hoto suke, manne a bango. Ta matsa kusa da wata ɗaliba ta yi ƙasa da murya.

"'Yar uwa, kun taɓa ganin an karɓi haihuwa?"

"Rubutu dai muka kwahewa," in ji yarinyar. "Dakta ya ce in ranar ta zo, hannu shi ka koya ma kanshi."

Safina ta juya. Ta fito da sauri, sai ta tarar mahaifinta da Badamasi sun ɗaga hannuwa, ana shafa fatiha.

Sai da suka yi nisa ta iya magana. "Baba, don Allah, ta birni nika so. Wagga ba makaranta ba ta."

"Ke ɗiyar ga! Mutum ya durƙusa min, na ci abincinshi, mun shafa fatiha, kina so a ce Malami ya lashe amanshi? Wadda ta ba mu ruwa, ita za ki."

Shi ke nan. Malami ba mugu ba ne, mutumin kirki ne da ya ɗauka duk mai shimfiɗar fuska haka cikinsa yake. Badamasi ya san da irinsu, da su yake cin abinci.

* * *

Damina ta yi nisa lokacin da Safina ta zo hutu. Garin duka ya daina kiran sunanta, sai Nas. Tsofaffi na miƙo mata hannu ta duba, tana murmushi, kunya na cin ta a ciki.

Da hantsi naƙuda ta kama Atika, matar yayanta. Yaron ya fito lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Mijin ya ruga zai nemo mota.

"Mi za a kai ta asibitin Bagudo cikin wanga taɓo," in ji Malami daga zaure, "ga nas cikin gida?"

Mata suka dare suka ba ta hanya. Har tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin ta ja da baya tana cewa ga masu ilimi sun zo. Safina ta durƙusa. A kanta akwai shafuka cike da Turanci, ta haddace su tsaf, amma ba wanda ya taɓa nuna mata inda ake sa hannu. Ta buɗe baki za ta ce ba ta sani ba, sai ta jiyo muryar mahaifinta yana faɗa wa maza su kwantar da hankali. Ta haɗiye maganar. Ta canza tsumma, ta sake canzawa.

Atika ta riƙe mata hannu. "Ƙanwata, ke dai ki yi min ƙoƙari."

Sai a nan Safina ta fasa ihu. "Ban iya ba! Wallahi ba a koya muna komi ba! Ku kai ta asibiti!"

An samo motar bayan azahar. Ba su kai bakin kwalta ba aka juyo da ita.

* * *

Ba wanda ya zarge ta, wannan ne ya fi yi mata ciwo. Ihun da ta yi ma cewa aka yi ruɗewa ce. Masu ta'aziyya na shigowa suna cewa kwana ne ya ƙare, tunda har nas ta sa hannu abin ya gagara.

Tana bayan rumbu tana dama wa jaririn madara, katangar zana ce kawai tsakaninta da maza, ta ji maƙwabcinsu Zayyanu ya gyara murya.

"Malami, ba lokacin maganar ba na, amma ɗiyata ta ƙare sakandare. Ina aka bi zuwa makarantar su Nas?"

Safina ta tsaya cak da cokali a hannu, tana jira. Har ta fara sa rai mahaifinta zai hana shi.

Sai ta ji ƙarar tsinke a kan ƙasa. Malami ne ke zana masa hanya.