Allurar Baba Ba Ta Wuce Sittin

Shekara talatin da biyar Baba ya yi yana jan manyan motoci, ko kaza bai taɓa takawa ba, kuma duk wanda ya zauna da shi minti biyar sai ya sha wannan labari. Shi ya sa da ya gogi ƙofar gida da 'yar motarsa, Auta, 'yarsa mai aikin jinya, ta kafa masa doka, abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Kada ya wuce sittin. In ya wuce, makulli ya koma hannunta. Har wata manhaja ta saka masa a waya, mai kai mata rahoton gudunsa.

Baba ya bi doka, yana tafe masu keke na yi masa sannu. Sai dai ramukan hanya sun dame shi, kullum cikin motar na gurzar ƙasa. Ya je wajen mai faci aka sa masa manyan tayoyi biyu a gaba, motar ta ɗaga hanci kamar mai jin wari. Bai gaya wa kowa ba.

Bayan sati biyu Auta ta shigo falo riƙe da waya, ko takalmi ba ta cire ba.

"Baba, sittin da takwas. Jiya ma haka."

"Wayarki ta sha wani abu," in ji shi. "Ni da na san sittin tun ba a haife ki ba?"

"To ɗayanku dai yana ƙarya."

Maganar ta soke shi. Makullin ma da sauƙi, amma a ce 'yar da ya goya tana auna maganarsa da ta waya? Ya ce su tafi gareji, a yi ta ta ƙare.

Makanikin mutum ne mai ƙaton tumbi da ba ya gaggawar komai. Ya zagaya motar, ya duƙa da ƙyar ya karanta lambobin jikin tayoyin, sannan ya kwashe da dariya.

"Malama, babu maƙaryaci a nan. Mota ba ta ganin hanya, juyin taya take ƙirgawa. Babbar taya in ta juya sau ɗaya ta fi ƙarama cin ƙasa. Allurar auna gudu ta ce sittin, mota kuwa tana sittin da takwas. Kilomitocin da take rubutawa ma ta rage su. Ko ƙarar inji ba za ta nuna ba."

Baba ya gyara tsayuwa, ya harɗe hannu a baya.

"Maimaita mata. Da ƙarfi, ta ji da kyau."

Makaniki ya maimaita. Auta ta sunkuyar da kai ta ce ya yafe mata. Baba ya ce sai ya yi tunani. Daɗi ya cika shi har ya fara ba wa makaniki labarin kazar da bai taka ba.

Makaniki ya leƙa ciki ya tayar da motar.

"Amma Baba, kai ma da haƙuri kake. Tayoyin gaba da na baya ba sa juyi ɗaya, na'urar birki ta rikice. Tun da aka sa tayoyin nan wannan fitila ke kunne a gabanka, ba ta dame ka ba?"

"Wace fitila?"

Makaniki ya nuna da yatsa. Tana nan dab da allura, ruwan ɗorawa, tana haske. Baba ya sunkuya ya ƙanƙance ido. Ya ƙara matsawa har hancinsa ya kusa taɓa sitiyari.

Makaniki ya shiga goge hannunsa da tsumma, alhali babu komai a hannun.

"Baba," Auta ta ce a hankali, "allurar fa, kana ganinta?"

Kunya ce ta kama shi, da wani tsoro da bai saba da shi ba.

"Da kunne nake ji," ya ce. "An kwana biyu."

Ya zagaya ya buɗe ɗaya ƙofar, wadda bai taɓa shiga ta ita ba, ya zauna ya ɗaura bel.

"Ki ja a hankali. Birkinta sai an lallaɓa."