Marainiya Mai Uba

Kafinta yana kan hanyar shago da safe ya hango 'yarsa Auta a allon tallan mararraba, fuskarta ta kai girman ɗaki, tana rungume da jakar makaranta mai tambarin wani kamfanin lemo. A ƙasa an rubuta: "Mun share hawayen wannan marainiya."

Ya dafa ƙirji, ya ji dai zuciya na bugawa. Mai faci da ke gindin allon ya ƙyalƙyale da dariya: "A'a, marigayi! Yaushe aka sako ka?"

Ko shago bai buɗe ba, kafinta ya zarce makaranta. A ofis ya tarar da hedimasta da jami'in sa ido na ma'aikatar ilimi, kowa da hular kamfanin a ka, ga katan-katan na lemo jibge a bayan ƙofa.

"Ranka ya daɗe, wa ya ba da izinin ɗaukar 'yata hoto? Kuma yaushe na mutu?"

Hedimasta ya washe baki. "Haba malam, salon talla ne kawai. Ita ta fi kyau a hoto. Ai shugaban iyaye ya amince a madadinku duka."

"Shi ya haifa mini ita?" Kafinta ya juya ga jami'in. "Kai fa yallaɓai, ina ka sa idon?"

Jami'in ya yi gyatsa, ya goge baki. "Muna kan bincike."

Kafinta ya bi iyaye gida-gida har aka kira taro. Kamfani ya turo wani mai kwat da ƙamshin turare, ya ce kuskuren maɗaba'a ne, ya tura wa kafinta katan ɗin lemo gabansa.

"Ɗauke abinka," in ji kafinta. "Matattu ba sa sha."

Ɗaki ya kaure da shewa. Nan iyaye suka yanke cewa ba wanda zai ƙara shigo wa yaransu da wani shiri sai kowane uba ko uwa sun ji da kunnensu sun yarda. Hedimasta ne ya fara tafi, kai ka ce shawararsa ce.

Aka sauke allon, kamfani kuma ya yi fushi ya janye jakunkunan da yake raba wa ɗalibai. Waɗanda suka fi kowa shewa a taro su suka fara daina gaida kafinta, wai ya toshe wa yara rabo. Auta ma ta yini tana kumbure-kumbure, don ƙawayenta sun daina kiranta tauraruwa.