Tumatir Mai Jan Ƙyalle

Tiyo na hannun Direba, ruwa na tsiyaya a kan takalminsa, lokacin da Sakatariyar lambu ta durƙusa ta juya ganyen tumatir guda ta nuna masa bayansa.

"Baba Direba, ka ga wannan?"

Ya sunkuyo. Tabo ne ruwan ƙasa, kamar an ɗiga shayi a takarda, gefensa da wani fari-fari. Ta juya na biyu, ta juya na uku, duk kanwar ja ce. Har karan ya fara baƙi.

"Ƙuna ce," in ji ta. "Ita ta cinye dankalin mutanen bakin famfo. Wane lokaci kake ba su ruwa?"

"Da yamma. Kullum, ban taɓa fashi ba."

"A gindi kake zubawa?"

"Wane irin gindi? Wanka nake musu tun daga sama har ƙasa. Da kin ga yadda suke ƙyalli!"

Ta dube shi, ta dubi tiyon. Da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Can ta ce cutar nan ba abin da take so irin ganye ya kwana a jiƙe, ga shi kuma sati biyu ke nan ana yayyafi da zufa. Dokar lambu kuwa ya san ta: inda ƙuna ta kama, kwana biyu a tuge a ƙone, kada ta tsallaka gun maƙwabta.

"Ba fa lambuna ba ne. Na Tela ne."

"Na sani, Baba. Cuta ba ta tambayar mai lambu."

Lambunan nan a bayan layin dogo suke, fili ne aka yanka ƙanana-ƙanana, kowa da nasa. Na Direba da na Tela shingen waya ne kawai ya raba su. Shekara goma sha ɗaya suna gaisawa ta saman wayar nan, in dai gaisuwa za a kira abin da suke yi. Tela ya ce Direba noma yake kamar yana gudun kada fasinja su makara. Direba ya ce Tela da tef yake auna tsakanin shuka da shuka, saura kawai ya yi musu aljihu. A haka rana za ta faɗi, kowa ya kama hanyarsa. Babu wanda ya taɓa taka ƙofar gidan ɗan'uwansa. Dukansu matansu sun rasu, 'ya'ya sun watse garuruwa, sai waya in an tuna. In Tela bai zo ba, Direba kan yini bai buɗe baki ba, sai dai ya yi wa rediyo gardama.

Tumatirin kuwa ba irin na kasuwa ba ne. Wani ƙato ne mai tsaga-tsaga, mummuna a ido, amma in ka ci sau ɗaya ka daina raina shi. Matar Tela ce ta zo da irinsa gidan aure a cikin ambulan. Kowace shekara Tela kan zaɓi 'ya'ya uku mafi kyau ya ɗaura musu jan ƙyalle a wuya, daga ragowar yankan da ya tara a shago. Masu jan ƙyalle ba a cin su, na iri ne. Bana ɓeraye suka cinye irin da ya fara yayyafawa, dole ya juye kwalbar iri kaf ya sake. Wato duk duniya babu sauran irin matar Tela sai ukun nan da ke rataye, ɗanyu shar, a jikin shukar da aka ce a ƙone.

Sati uku da suka wuce Tela ya miƙo masa makullin rumfa ta saman waya, yana haki.

"Ƙirjin nan ya matsa mini. Zan ɗan kwanta kwana biyu. Ka riƙa ba su ruwa."

Ruwa ya ce, bai ce yaya ba. Shi kuwa Direba shekara talatin da biyar yana jan bas, bai taɓa barin mota ta kwana da datti ba. Abin da kake so, ka wanke shi tas da yamma, nan iliminsa ya tsaya. Nasa dankalin ma haka ya yi masa, ga shi can ya kwanta baƙi ƙirin. Garin neman gira an rasa ido.

Washegari ya tuge su. Kafin ya cinna wuta ya sa almakashin Tela ya yanke ukun nan, kowane da ƙyallensa, ya sa a aljihun riga. Hayaƙin ɗanyen ganye ya yi ta shiga masa ido, ya bar shi ya shiga.

A wajen Sakatariya ya samu kwatancen gidan. Ɗaki biyu ne a ƙasan wani tsohon bene, bayan shagon mai facin taya. Wata mata ta buɗe masa, kana ganin goshinta ka ga Tela.

"Sannu, Baba. Wa za a ce?"

"Ki ce Direba."

"Au, kai ne Direba! Kullum sai ya yi ƙorafinka. Shigo, shigo."

Keken ɗinki na jikin bango an lulluɓe shi da zane, a samansa kwalaben magani. Ga buhun ƙyallaye a lungu, ga hoton wata mata mai murmushi da gefen baki. Tela na kan gado an tokare shi da filo uku. Ya zube, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Mutumin da bai taɓa sa rigar da ba ta zauna masa ba.

"Ka ɓata hanya ne?" in ji Tela.

"Na zo in ga ko raki kake yi."

"Ya yarana?"

"Lafiya lau suke. Sai girma."

Tela ya lumshe ido, ya ja numfashi a hankali ta hanci.

"Direba, warin hayaƙi kake."

Direba ya dubi ƙasa. Ƙarya ba sana'arsa ba ce, tun a tasha an san shi da haka. Ya sa hannu a aljihu ya fito da su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a kan bargo.

"Ƙuna ce ta kama su. Ni na jawo. Ta sama nake ba su ruwa, da yamma."

"Wankin mota ka yi musu."

"Wankin mota na yi musu."

Tela ya fara dariya, dariyar ta zama tari, har 'yar ta leƙo da kofin ruwa. Da ya lafa ya ɗauki guda ya juya shi a tafin hannu ya daɗe yana kallo.

"Iska ce ke kawo ta, ba kai ba. Amma dai ka yi mata shimfiɗa." Ya ajiye. "Shekara goma sha ɗaya kana kallona ina durƙuso da gwangwani a gindin shuka da sassafe. Ka zaci me nake yi?"

"Na zaci rowar ruwa ce."

"Allah ya shirye ka. To saurara, kada ka ƙara da naka."

Ya ce ya goge su da busasshen tsumma, ban da ruwa. Ya naɗe kowane a takardar jarida daban, kada su taɓa juna. Ya sa su a aljihun tebur da ayaba nunanniya guda. Kullum da safe ya buɗe ya duba. Wanda ya yi tabo ya jefar da nisa, kada ya tsaya tausayi. In ɗaya ya nuna har ya yi laushi, an tsira.

"In babu wanda ya nuna fa?"

Tela ya juya ya dubi hoton bango.

"Sai in je in yi mata bayani da kaina."

Tun daga ranar Direba ya samu wurin zuwa. Da safe ya buɗe aljihun tebur kamar mai duba jariri, da hantsi ya sa hula ya tafi kai rahoto. Ran kwana huɗu, tumatir na farko ya yi tabo a kafaɗa, ya taurare, ya yi baƙi.

"Saura biyu," ya ce daga bakin ƙofa.

"Zauna mana. Kana tsaye kamar mai jiran canji."

Ya zauna. Suka yi hirar da ba su taɓa yi ba ta saman waya. Ashe Tela ma a tsaye yake cin abinci tun da matar ta rasu, wai zama a tebur shi kaɗai na sa shi jin motsin cokali. Direba ya gyaɗa kai, don shi ma hakan ne.

Ran kwana tara, tumatir na biyu ya ruɓe ta ciki, ya jiƙa jaridar. Direba ya tsaya a kan kwandon shara da shi a hannu, ya ji kamar ya zauna ya yi kuka, tsofai-tsofai da shi. Ranar Tela bai iya doguwar magana ba. Ya ɗaga yatsa ɗaya, alamar tambaya. Direba ya gyaɗa kai.

"Ya fara canza launi?"

"Ta gindi ya ɗan yi fari."

"Haka yake farawa," in ji Tela. "Kada ka matsa shi. Na san hannunka."

Ran kwana goma sha uku ya warware jaridar ya ga ja ya ɓullo, kaɗan, kamar kuncin yaro. Babu tabo ko ɗaya. Bai tsaya shan shayi ba. Ya mayar da shi takardarsa, ya riƙe a tafin hannu biyu, ya bi titi yana kauce wa mutane kamar mai ɗauke da ƙwai.

Daga shagon mai faci ya hango takalma a ƙofar gidan. Da yawa.

'Yar ce ta fito, idonta ya kumbura.

"Baba Direba, da safen nan. Ina haɗa masa shayi. Ko kira bai yi ba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Ya tsaya da abin a hannu, ya rasa inda zai sa shi. Ƙarshe ya mayar aljihu. Da shi a aljihun aka kai Tela makwancinsa, da shi ya dawo.

Bayan kwana uku ya koma, ya tarar da 'yar tana ɗaure kaya a kwali. An riga an ɗauke keken, sai sawun ƙafafunsa huɗu a kan ledar ɗaki. Ya fito da tumatirin ya miƙa mata. Ya nuna sosai yanzu, ja wur.

"'Yata, wannan na mahaifiyarki ne. Irinta ne. Shi kaɗai ya rage."

Ta taɓa jan ƙyallen da yatsa, hawaye ya zubo mata.

"Baba, ni a hawa na shida nake zaune, ko tukunyar fure ba ni da wurin ajewa. Jibi zan koma aiki." Ta share ido. "Ai ya ce in ka kawo in bar maka. Ya ce wai yanzu ka iya ba da ruwa."

Ta ɗauko buhun ƙyallayen nan ta ɗora masa a hannu, ta ce shi ma nasa ne.

A gida ya share tebur. Ya kwance ƙyallen, ya yanka tumatirin biyu, ya tatse 'ya'yan a kofi kamar yadda ya sha ganin ana yi ta saman waya. Naman ya barbaɗa masa gishiri, ya ja kujera ya zauna ya ci. Da daɗi ƙwarai, kuma babu wanda zai gaya wa.

Da 'ya'yan suka saki yauƙinsu bayan kwana biyu, ya tsane su, ya zaɓo ƙyalle mai faɗi daga buhun ya shimfiɗa a bakin taga. Da tsinken ashana ya riƙa raba su ɗaya-ɗaya, yana barin tazara daidai tsakaninsu. Ya daɗe a kai, don yatsunsa na sitiyari ne.

Yana gamawa yayyafi ya soma sauka a kan rufin shagunan tsallaken titi. Direba ya miƙe da sauri ya jawo tagar ya rufe, ya matsar da ƙyallen ciki kaɗan. Sannan ya jawo kujerar kusa, ya zauna.