Wayar Malama Kaltum a Rijiya

Malamai uku ne a firamaren wani ƙauye da ke gefen Makoda: Malama Kaltum, Malam Umara da Malam Sama'ilu. 'Yan aji shida su arba'in da biyu ne, littafin lissafinsu huɗu, biyu ma babu bango. Saboda haka duk abin da malaman suka tsinta a intanet, tsofaffin tambayoyin jarrabawa ko bidiyon lissafi, sai su adana adireshinsa.

Wurin adanawar ne suka kasa daidaitawa a kai. Malam Sama'ilu a zaurensu na WhatsApp yake zubawa.

"Kafin gobe gaisuwar Juma'a da sanarwar suna sun binne shi," in ji Malam Umara. Shi wani shafi ya buɗe, inda ake jera adireshi aji-aji, kowane malami ya shiga da sunansa.

"Naka kuma, Injiniya, kafin ya buɗe data ta ƙare," Malam Sama'ilu ya rama.

Malama Kaltum ta fi son danna tauraro a wayarta, abin ya zauna a ciki, ba ruwanta da kalmar sirri. Sai Malam Umara ya matsa mata take kwafe wasu zuwa shafinsa.

Saura kwana tara jarrabawar shiga sakandare, Malama ta aiki Khairat, 'yar ƙanwarta da ke aji shida, ta kai wayar shagon caji.

"Riƙe da kyau, duk karatunku yana ciki," ta ce.

A bakin rijiyar da ke tsakanin gonaki, Khairat ta ga wata tsohuwa tana fama da guga. Ta cusa wayar a hammata, ta kama mata igiya. Da ta miƙa hannu, sai ta ji tsulum.

Ta leƙa. Ruwan baƙi ƙirin, yana ɗan motsi.

Ba ta koma gida ba. Ta kutsa cikin gero ta durƙusa, ganye yana yankar fuskarta. Ta riƙa lissafa 'yan ajinsu ɗaya bayan ɗaya, har da Fauziyya da babanta ya ce in ta faɗi bana ta gama boko ke nan. Duk motsin kara sai ta ɗauka an zo nemanta. Har aka kira la'asar ba ta fito ba.

A nan Malama ta same ta, bayan tsohuwar ta kai labari.

"Inna, na kashe karatun," Khairat ta ce.

"Tashi. Ke nake nema."

Washegari malaman suka zauna ƙarƙashin darbejiya, Khairat a tsaye gefe. Malama ta gwada shiga shafin da sunanta a wayar Malam Umara. Shafin ya ce ya aika lambar tabbatarwa zuwa layinta.

"Layin da ke cikin rijiya," Malam Sama'ilu ya faɗa a hankali.

Khairat ta damƙe bakin hijabinta.

Malam Umara ya karɓi wayar, ya shiga da nasa sunan. 'Yar da'irar jira da ke fuskar wayar ta yi ta juyawa, ta tsaya, ta ci gaba. Can sai jerin ya fito: Aji Shida, Lissafi, Turanci. Tambayoyin shekara biyar suna nan. Bidiyo goma sha ɗaya da Malama ta yi ta cewa gobe za ta kwafe, babu su. Malam Sama'ilu ya tono biyu daga ƙarƙashin gaisuwar Juma'a, ya ɗaga wayarsa yana murmushi.

"Sauran laifina ne, ba naki ba," Malama ta ce wa Khairat. "Je ki kira 'yan ajinku."

Khairat ta tafi. Ta gane cewa abin da Inna ta ajiye a wayarta kaɗai shi ne ya nutse, wanda ta sa inda sauran malamai ke iya gani kuwa yana nan.