Ginshiƙin Motar Marcy

Wata ƙara ce ta tashe ni daga gyangyaɗi bayan abincin dare, kamar an yar da ƙaton faranti daga sama. Sai shiru, in ban da rediyon mota da ke ta waƙa. Na leƙa ta taga. A mararrabar layinmu, nan garin Hamtramck na Amurka, wata a-kori-kura ta soki motar Marcy daga gefe, daidai wurin direba. Marcy jikar maƙwabciyata Lorraine ce.

Na fita da silifas cikin dusar ƙanƙara. Ƙofar ta murɗe kamar gwangwanin wake, amma ginshiƙin da ke tsakanin ƙofar gaba da ta baya yana nan tsaye, ya ɗan ranƙwafa kawai. Na san irinsa. Ƙarfina duk a masana'anta, gaban injin da ke buga su, ya ƙare. Fallen ƙarfe zai fito daga tanda ja wur, injin ya danne shi, ya sanyaya shi a bakinsa lokaci guda. Nakan kara kunne in ji sabon ginshiƙi yana ƙyas-ƙyas, kamar yana ƙorafi.

"Baba Stosh," in ji Marcy daga ciki, "ƙafata ta maƙale."

"Kina magana ai, 'yata. Ki ci gaba da yi."

'Yan kwana-kwana suka iso da babban almakashinsu. Shugabansu, wani ƙato mai suna Darnell, ya kafa shi a ginshiƙin don su buɗe mata hanya. Injin almakashin ya yi gurnani. Sai ƙau! Bakin almakashin ya ɓalle, ginshiƙin ko gezau.

Dariya ta kuɓuce mini. Wallahi ban shirya ta ba.

"Namu ne!" na ce. "Mu muka gasa shi!"

Lorraine, da ita ma ta fito, ta juyo, rigar barci a jikinta. "Tsohon banza! Yarinyata na ciki kana dariya?"

"Lorraine, ba don shi ba da yanzu..."

"Rufe mini baki!"

Darnell ya share gumi. "Tsoho, kun iya aiki. Yanzu matsa, in gyara abin da kuka jawo mana."

Suka haƙura da ginshiƙin. Suka fasa gilashin baya, suka kwantar da kujera, suka zaro ta a hankali kan katako. Ƙafa ta karye, amma tana ta tambayar ina wayarta. Kafin a janye motar na ɗora tafin hannuna a kan ƙarfen. Sanyi ƙalau, ko tsagewa babu.

Lorraine ta sa ƙafa ɗaya a motar asibiti, ta tsaya, ta dubi hannun nawa. Muryarta ta sauka.

"Stosh, lokacin da kuke gasa shi don kada komai ya shiga, a cikinku wa ya tuna da mai son fita?"